Ina Wutar Gidanmu Take Tafiya? Yadda 'Yan Unguwa A Yamai Za Su Auna Lantarkinsu Da Kansu

Gidan hayar da na zauna a Bukoki ƙofa biyar ne, kontar ɗaya, wato na'urar ƙirga wutar lantarki. Duk ƙarshen wata in faktir ya zo, wato takardar kuɗin wuta, tsakar gida sai ta koma kotu. Wadda ake tuhuma kullum ita ce dattijuwar ƙofar ƙarshe, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, don kowa na jin gurnanin konjilatar ɗinta dare da rana. Ita kuwa sai ta nuna tela da dutsen gugarsa. Tela ya ce a tambayi masu yara, su da ke kwana da fanka uku. Ni ma ina cikin masu nuna yatsa, ban taɓa kawo kaina cikin lissafi ba. A duk wannan hayaniya babu ko mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa gaban kontar da kaye da bik.

Abin da na koya daga baya shi zan shimfiɗa a nan, mataki bayan mataki. Masana suna kiran irin wannan aiki kimiyyar jama'a, wato mutanen gari su riƙa aunawa suna rubutawa bisa ƙa'ida ɗaya, har abin da suka tara ya zama hujja. Mun san shi tun da daɗewa ba tare da sunan ba. Duk wanda ya taɓa jin rediyo da damina ana cewa gari kaza ya samu milimita kaza, ai wani bawan Allah ne ya fita da safe ya duba ma'aunin ruwa ya rubuta. Haka za mu yi wa wuta.

A biranen da ake kira na zamani, kontar ne da kansa ke aika labari. Italiya ta fara sanya irin waɗannan kontoci tun 2001, Faransa kuma ta baza nata mai suna Linky daga 2015, mai gida na iya duba salularsa ya ga abin da ya sha jiya. Mu ba mu kai can ba tukuna, amma lambar da na'urar ke aikawa tana nan manne a bangon zaurenmu. Abin da ya rage shi ne a karanta ta, a rubuta, a haɗa da ta maƙwabta.

Ka fara da sanin kontar ɗinka

Iri biyu ne a gidajenmu. Akwai na faktir, wanda lambarsa ke hawa kullum, ma'aikacin kamfanin wuta na Nigelec ya zo ya ɗauka, takarda ta biyo baya. Akwai kuma na kiredi, wanda kake saye ka danna lambobi 20, shi kuma yana nuna abin da ya rage maka, yana sauka. Dukansu abu ɗaya suke ƙirgawa, kilowat-awa, wanda a baki muke cewa kilo. Kilo ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 ke sha in ta yi awa guda tana aiki, ko mai wat 100 in ta yi awa goma.

Ka lura da lambar ƙarshe. A tsofaffin kontoci tana cikin jan gida, a sababbi tana bayan waƙafi ko ɗigo. Wannan kashi ɗaya cikin goma ne na kilo. Wanda ya haɗa ta da sauran lambobin zai ga kamar ya sha kilo 87 alhali 8.7 ne, hankalinsa ya tashi a banza.

Gargaɗi guda kafin mu wuce: ido kawai za ka sa. Kada ka taɓa dalmar da aka rufe kontar da ita, kada ka buɗe murfi, kada ka kai hannu ga waya. Abin da ya halatta ka taɓa shi ne maɓallin nuna lamba da dijonktar ɗin gidanka.

Kwana goma sha huɗu na rubutu

Ka samu kaye ka ja layi biyar: kwanan wata, lambar safe, lambar magariba, awa nawa aka ɗauke wuta, sai abin da ya faru na daban. Lokacin karatu ya zama ɗaya kullum. Ni bayan sallar asuba nake yi da kuma bayan magariba, don su ne lokutan da ba na mantawa, kuma sun raba mini yini da dare. In na faktir ne, ka cire lambar jiya daga ta yau. In na kiredi ne, ka cire ta yau daga ta jiya, in ka sa sabon kiredi a tsakani ka ƙara shi a kan ta jiya kafin ka cire.

Layin ƙarshen nan shi ne mutane ke rainawa, kuma shi ke fassara sauran. An yi baƙi daga ƙauye. An yi guga ta mako. Yara sun samu hutu suna gaban tele tun safe. Hadari ya taso an kashe fanka. Ba tare da shi ba, bayan wata guda za ka ga ranar Talata ta yi tsalle ka rasa dalili.

A kilo za ka riƙa rubutu, kuɗi a bar shi gefe. Farashin wuta hawa-hawa ne, wanda ya sha kaɗan yana biyan kilo da araha, wanda ya haura wani mataki kilonsa na gaba ya fi tsada, ga kuma haraji da kuɗin da ba ya canzawa kowane wata. Saboda haka jika goma a gidanka da jika goma a gidan maƙwabcinka ba lallai su sayi wuta daidai ba. Wannan ma shi ne babban zaluncin da ke cikin kontar ɗin tarayya: ƙofa biyar da kowacce ke shan kaɗan, in aka haɗa su a kai ɗaya sai su faɗa mataki mai tsada.

Mako biyu ake bukata domin a samu Juma'a biyu da Lahadi biyu. Yara 'yan makaranta sun fi manya iya riƙe wannan aiki, musamman in an ce kayen nasu ne.

Farautar mai shan wutar

Nan ne daɗin aikin yake, nan kuma na sha kunya.

A gaban sabon kontar akwai 'yar fitila ja da ke ƙiftawa. Kusa da ita an rubuta wata lamba da haruffan imp/kWh, galibi 1000 ko 1600 ko 3200. Ma'anarta, in fitilar ta ƙifta sau wannan adadin, an sha kilo ɗaya. Da ita za ka auna ƙarfin kowace na'ura ba tare da ka sayi komai ba. In kontar ɗinka na 1000 ne, ka ƙirga ƙiftawar minti ɗaya ka ninka da 60, abin da ya fito shi ne wat ɗin da gidan ke ja a lokacin. Na 1600 a ninka da 37.5, na 3200 kuma da 18.75. Misali, na 1000 ya ƙifta sau 5 a minti, gidan na jan wat 300 ke nan. In abin da ke kunne ƙarami ne sosai, ka ƙirga na minti biyar ka raba biyar. Tsohon kontar mai faifai ma haka yake, sai dai zagayen jan tabon faifan za ka ƙirga, kuma an rubuta a fuskarsa zagaye nawa ke yin kilo.

Mutum biyu ake so, ɗaya a gaban kontar da agogon salula, ɗaya a cikin gida. A kashe komai, a zare duk abin da ke cikin piriz. Fitilar ya kamata ta tsaya cak. In ta ci gaba da ƙiftawa, to akwai abin da ka manta, ko wayar da ke yoyo a bango, ko kuma wani ya ja layi daga naka. Wannan sai ka kira ƙwararren mai gyaran wuta. In ta tsaya, a riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa ana rubutawa, a kashe kafin a kunna na gaba.

Sanin wat rabin aiki ne, sai an ninka shi da awoyin da abin ke yi a kunne. A nan tunanin mutane ke karkacewa. Dutsen guga mai wat 1,000 yana sa fitila gudu har ka tsorata, amma in rabin awa aka yi ana guga, rabin kilo ne. Fankar sama mai wat 70 kuwa shiru-shiru take, sai dai in ta yi awa 14 tana juyi ta sha kusan kilo guda, a wata kusan 29, fanka uku sun doshi 90. Tsohon ampul mai wat 60 da ke kwana a ƙofar gida awa 11 yana cin kilo 20 a wata, na LED mai wat 9 yana cin 3 a wannan aikin. Cajin salula da ake yi wa yara faɗa a kai, ko kullum aka cika ta ba ta shan kilo ɗaya a wata. Kilim mai sanyaya ɗaki kuwa sarki ne: mai wat 1,200 in injinsa ya yi awa 8 bai huta ba, kilo 9.6 ne a dare ɗaya, abin da fanka goma za su sha a awa 14.

Firigo da konjilatar ba a auna su da minti ɗaya, don injinsu tashi yake yana kwanciya. Hanya biyu ce. Ko ku haɗa kuɗi ku sayi ƙaramin ma'aunin nan da ake sawa tsakanin piriz da na'ura, ku bar shi awa 24, guda ɗaya ya ishi unguwa ana karɓa-karɓa. Ko kuma ranar da za a fita biki a kashe komai a bar firigo kaɗai, a rubuta lamba da fita, a rubuta da dawowa.

Ranar da muka yi namu gwajin, konjilatar ɗin dattijuwa ya fito da rabonsa, ba kaɗan ba, amma bai kai abin da muke zato ba. Tana rufe shi ruf, ta ɗora masa bargo a murfi, ba ta buɗewa sai da dalili. Da aka zo kan tsohon firigona, wanda na sayo na hannu a Katako ina ta murnar araha, sai muka ga injinsa ba ya kwanciya ko kaɗan. Tela ya ɗauko takarda ya maƙala a bakin ƙofar ya rufe, ya ja, ta zame kamar an shafa mata mai. Robar ta mutu, sanyi na fita, ga shi na manna bayansa da bango, ƙurar hunturu ta yi wa ƙarafan baya riga. Dattijuwa ta dube ni ta ce, "To ɗana, yau wa za a kai ƙara?" Na ce, "Inna, ki yafe mini, ni ne ɓarawon." Har na bar gidan ba ta daina tsokanata da wannan ba.

Daga gida ɗaya zuwa unguwa

Kayen gida ɗaya yana gyara gida ɗaya. Kimiyyar tana farawa ne lokacin da gida goma ko ashirin suka yi abu iri ɗaya a mako iri ɗaya. Ba sai an kafa ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Fadar matasa da ke shan shayi a bakin titi ta isa, ko matan adashi, ko malamin lissafi da ajinsa. A dai sanar da mai unguwa tun farko, don mutum ya ga yara na leƙa zaure da kaye ba tare da bayani ba, zai ɗauka 'yan leƙen asiri ne.

Ku zauna sau ɗaya ku amince da ƙa'ida: lokacin karatu ɗaya, layuka iri ɗaya, kilo ba kuɗi ba. Kowane gida ya cika takarda guda sau ɗaya tak: mutum nawa ke kwana, ɗaki nawa, rufin kwano ne ko dal, ginin laka ko siminti, akwai silin ko babu, fanka nawa, firigo, kilim ko na'urar sanyaya iska mai ruwa, da kuma ko ana sana'a da wutar. In ba haka ba za ku kwatanta gidan mai niƙa da ɗakin gwauro.

Batun sirri ba wasa ba ne. Lambar kontar tana tona lokacin da gida ba kowa, tana kuma tona aljihun mai gida. Saboda haka kowane gida a ba shi lamba, gida na 1, gida na 2, mutum ɗaya amintacce ne kawai zai san wane ne wane. Kada a ɗora hoton faktir a WhatsApp, akwai suna da lambar rajista a jiki. Wanda ya ce ya fasa, a cire nasa ba tare da gardama ba.

Wajen tattarawa, hoton shafin kaye kowace Juma'a ya wadatar, wani mai kwamfuta ya zuba a tebur. In akwai wanda ya iya, manhajar KoboCollect kyauta ce, tana karɓar bayani ko babu intanet, ta aika daga baya. Amma kada ku jira manhaja. Na ga aikin da ya mutu saboda ana jiran wanda zai tsara fom.

Da lissafi ya zo, ku guji tara duka a raba da yawan gidaje, don gida ɗaya mai kilim biyu zai ja sakamakon sama ya sa kowa ya ga kamar shi mai tattali ne. Ku jera gidajen daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya. Ku kuma raba kilon kowane gida da yawan mutanensa. Sannan a mayar wa kowa 'yar takarda: ga naka, ga na tsakiyar gidaje irin naka. Ba a kiran suna a taro, ba a kunyata kowa. Mutum in ya ga ya ninka takwarorinsa, da kansa zai je ya duba robar firigonsa.

Rajistar ɗauke wuta

Wannan sashe ya fi kowanne amfani ga gari, kuma ya fi sauƙi. Gida uku a kusurwa uku na unguwa su riƙa rubuta minti da aka ɗauke da minti da aka maido. Uku, saboda wani lokaci matsalar ta layi ɗaya ce ko ta taransifoma ɗaya, makwabcin tsallaken titi yana da wuta kai ba ka da ita. Wanda ke da regilatar mai nuna lamba ya ƙara da rubuta ƙarfin wutar sau uku a rana. Ya kamata ta tsaya kusa da volt 220. In kullum da dare tana zubewa ƙasa sosai, fanka na juyi kamar mai jin barci, wannan alama ce ta layi ya yi wa unguwa kaɗan, kuma shi ke ƙona injin firigo.

Yana da kyau mai rubutun ya san daga ina wutar take zuwa. An yi shekara da shekaru mafi yawan lantarkin Yamai daga Najeriya yake shigowa, ta layin Birnin Kebbi. Mun ga ma'anar hakan a watan Agusta na 2023 da aka katse layin saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, har sai da aka ɗage shi a 2024. A gida akwai injinan Gorou Banda da aka buɗe a 2017, da tashar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a can a 2023, akwai kuma ta Malbaza a jihar Tawa mai megawat 7 tun 2018. Madatsar Kandaji da ake jira an tsara ta ne a kan megawat 130. Hasken rana yana taimako da rana tsaka, amma da magariba ta yi, daidai lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna komai, sai a koma kan injin da layin waje. Shi ya sa guga da jan ruwa zuwa tanki da safe suka fi alheri ga kowa a kan yin su bayan isha'i, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Bayan wata guda za ku iya cewa: a unguwarmu an ɗauke wuta sau kaza, jimillar awa kaza, mafi yawa tsakanin ƙarfe kaza da kaza. Ku rubuta shi a shafi ɗaya, da bayanin yadda kuka auna da gida nawa suka shiga, ku kai ofishin kamfanin wuta na yankinku da hukumar da'irarku. Akwai kuma hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi. Ku faɗi iyakar abin da kuka auna. Gida ashirin na Talaje ba su ne Yamai ba, kuma mako biyu na watan Mayu ba su ne shekara ba. Takardar da ta san iyakarta ta fi wuyar turewa.

Sauran wutar da ba ta bi ta kontar

Gawayi da itace da gaz da man gurup, wato janareta, duk makamashi ne, kuma a gidaje da yawa sun fi lantarki cin kuɗi. Aunarsu ba wuya. Ranar da aka ɗaura sabon butel na gaz, mai kilo 6 ne ko 12.5, a rubuta kwanan wata a jikinsa da alli, ranar da ya ƙare a ƙirga. Buhun gawayi ma haka. Mai gurup ya rubuta lita nawa ya zuba da awa nawa ya yi, ya ajiye kusa da rajistar ɗauke wuta, zai ga ainihin abin da duhu ke ci masa. Mai niyyar sayen fanon hasken rana da batir kuwa, kayen nan shi ne abin da zai fara nuna wa mai haɗawa, don lambar dare ita ke faɗin girman batir, ta rana kuma yawan fano. Masu saye da ka su ne ke dawowa bayan wata shida suna cewa batir ya mutu.

Canza abu ɗaya, sake aunawa

In kun gano masu laifi, kada a gyara komai rana ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Wannan mako a canza ampul ɗin waje. Mako mai zuwa a sa wa firigo sabuwar roba, a janye shi daga bango kamar tafin hannu, a share ƙurar bayansa. Na gaba a wanke matatar kilim a ɗaga shi daga digiri 18 zuwa 25 ko 26 a haɗa da fanka. Kowane canji a rubuta ranarsa a layin ƙarshe. A kuma kula da yanayi: in ka canza roba ranar da ruwan farko ya sauka gari ya yi sanyi, raguwar da ka gani ba duka ta roba ba ce. Nan ne amfanin maƙwabta ke fitowa, don in kilon kowa ya sauka a makon, sama ce ta yi aikin, in naka kaɗai ya sauka, gyaranka ne.

A gidanmu na Bukoki, abin da muka yi a ƙarshe shi ne raba faktir bisa kilon da aka ƙiyasta wa kowace ƙofa, aka manna takardar a bayan ƙyauren zaure. Muka kuma amince za a sake gwajin sau biyu a shekara, ɗaya a Disamba lokacin da fanka ke hutu, ɗaya a Afrilu, da kuma duk ranar da wani ya shigo da sabuwar na'ura. Tela ne ya fara faɗawa wannan doka, da ya sayo keken ɗinki mai mota.